Bututun da na ɗaura wa motar kakanmu na gadar garinmu ne

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka saka min wannan ba suna, sunayen ciki ma duk canza su na yi. Yanzu muka gama waya da wani ɗan uwana a ƙauye, ya ce min ɗazu da la'asar samari sun sake taruwa a bakin maƙerar wani dattijo, ba su taɓa shi ba, tsayuwa kawai suka yi suna kallonsa yana aiki har ya kashe wutar ya shige gida. Kuma ni na jawo masa. Don Allah ku ba ni shawara, daga yau zuwa Juma'a kawai nake da shi.

Ni a Kano nake aiki, gida Kazaure, asalinmu kuma wani ƙauye ne tsakanin Roni da Gwiwa. Kakanmu malamin dabbobi ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan ya sayi wata jif mai fo-wil, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja, da ita ya dinga bin rugage yana yi wa shanu allura. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a bayan gida kaji suna ƙwai a ciki. Bara na ce zan tashe ta, na kuwa tashe ta, inji, giya, taya, komai. Matsalar ita ce hanyar garinmu, duk wanda ya san wajen Roni ya san duwatsun nan, zuwana na farko dutse ya daki ƙasan ƙofa ya lotsa ta har ta ƙi rufuwa. Shi ne na ce sai na yi mata ƙarfen gefe, irin wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, in mota ta hau dutse shi zai sha gugar ba bodi ba.

Da kaina na kwanta ƙarƙashinta na auna, na zana a kwalin taliya na yanke, ƙafa uku kowane gefe, su kama shasi da noti ba walda ba saboda shasin ya tsufa ba na so wuta ta taɓa shi, a bar tazarar yatsa biyu tsakanin bututu da bodi. Na kai wa Baba Iro, mai walda ne a unguwarmu tun ba a haife ni ba. Muka sayo bututu a kasuwa ya haɗa, da muka sa jak a ƙarƙashinsa don gwaji, tun taya ba ta bar ƙasa ba ya lanƙwashe. Baba Iro ya yi ta dariya, ya ce, "Ɗan boko, wannan ai na gadon amarya ne. Ka nemo ƙarfen da, na zamanin da gwamnati ba ta san tsada ba."

Sai na yi wa Yaya Sabo magana, ɗan wan mahaifiyata ne, harkar jari-bola yake yi. Sati bai cika ba ya kawo min guda biyu, masu kauri, mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaga ɗaya. Akwai tsohon fenti a jikinsu baƙi da fari a jere, amma bakin da aka yanke sabo ne fil yana sheƙi. Na tambaye shi daga ina, ya ce wata tsohuwar ma'ajiyar gyaɗa aka rushe. Gaskiyar magana ban yarda ba, kuma ban sake tambaya ba, don ina son ƙarfen. Baba Iro da ya gani ya daɗe yana shafa yankan, ya ce a ina aka ce? Na faɗa masa. Ya ce to. Ranar dai har muka gama bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Muka sa jak, tayoyi biyu suka tashi sama ƙarfen ko gezau, na fesa masa baƙin fenti. Guntaye huɗu suka rage na watsa a bayan mota.

Ranar Asabar na tafi ƙauye, na bi ta hanyar dutse da gangan don in gwada, ƙarfen ya gogi dutse ya kai sau biyar bodi bai san an yi ba, wallahi ji nake na fi kowa. Da na isa na je gaishe da Malam Hudu maƙeri, aminin kakanmu ne, shi yake gyara masa sifirin motar nan a da. Ya zagaye ta yana taɓa ta yana yi wa marigayi addu'a. Na tuna da guntayen, na ce Baba ga wannan ko za su yi maka amfani. Ya karɓa da hannu biyu ya sa min albarka.

A dawowa na biyo ta hanyar ƙasa, ta kan gada. Ƙaramar gada ce a kan rafi, a zamanin kakanmu aka yi ta, yana ma cikin waɗanda suka yi ta zarya har aka yi. Ina hawa na ga gefen hagu fayau, babu ƙarfen kariyar, sai kututtura. Na kalli na dama, baƙi da fari a jere. Na tsaya na sauka na sa tafin hannuna a kai, kauri ɗaya. Na koma mota na taho, ban gaya wa kowa ba, na ce wa raina hukuma za ta gyara.

Bayan kwana goma aka yi ruwa, wani ɗan acaba, Sani, ya haɗu da amalanken shanu a kan gadar, ya kauce hagu, babu abin da zai tare shi. Yana raye, yana asibiti a Kano, amma har yau ƙafafunsa ba sa motsi. Yana da yara biyu.

Daga nan gari ya tashi neman wanda ya yanke ƙarfen. Wani ya ga guntayen nan a maƙera, da fentinsu da komai, don su ban fesa musu komai ba. Mai gari ya kira Malam Hudu, ya ce kyauta aka yi masa. Aka ce wa ya ba ka, ya ce ba zai faɗa ba. Aka juya aka juya ya ƙi. Mai gari ya ce ya ba shi zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in bai faɗa ba zai miƙa shi ga hukuma. 'Yan uwan Sani kuma sun ce su ba lallai su jira Juma'a ba. Yanzu ba mai kai masa aiki, matarsa ta daina zuwa rijiya, mutumin da ya ƙera wa rabin garin fartanya.

Na kira Yaya Sabo muka yi ba daɗi. Da farko ya musa, sai ya ce shi ba shi ya yanke ba kawo masa aka yi, sai kuma ya ce ai a motata ƙarfen yake, ni na kai wa maƙerin, in an tashi kamu da ni za a fara. Abin da ya fi tsaya min shi ne na ƙarshen, ya sassauta murya ya ce yaran da suka yanko ba mutanen wasa ba ne, kuma duk yankin nan jif irin tawa guda ɗaya ce, kowa ya san inda take kwana. Ban sani ba gargaɗi yake min ko barazana.

Da na gaya wa Hajiyarmu kuka ta sa, ta ce wanta yana fama da hawan jini, in aka kama Sabo ta dalilin ɗanta ba ta da fuskar shiga dangi. Ta ce in kwance ƙarafunan in jefa a dam, Malam Hudu tsoho ne ba abin da za a yi masa. Na je wajen Baba Iro, ko sifana bai ɗauka ba, ya ce shi ya ɗaura amma ba zai kwance ba, kuma in mai gari ya aiko a tambaye shi ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba. Ni kuma na san ba na buƙatarsa, noti ne, rabin awa na gama.

Jiya na samu Malam Hudu ta wayar maƙwabcinsa. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi aiki, har motar ya tambaya. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa musu ba?" Ya ce, "Jikan Malam ne ya ba ni. Da wane bakin zan faɗa?" Sai ya ce in bar zuwa garin tukuna, mutane ransu a ɓace yake. Wato ni yake karewa.

In na yi shiru, tsohon nan zai shiga hannun hukuma, in ma samarin sun bar shi ya kai Juma'ar. In na fito, sai na ambaci Sabo, Sabo kuma zai ambaci yaran nan, ni da kaina ban san yadda 'yan uwan Sani za su kalle ni ba in suka ji na ga gadar nan kwana goma kafin ɗan uwansu ya faɗa ban ce komai ba. Na yi tunanin in fara zuwa wajen hakimi, na yi tunanin in tafi da Baba Iro, ban tsayar ba. Jama'a, in ku ne, za ku tuƙa motar nan da ƙarafunanta a jiki ku ajiye ta a ƙofar gidan mai gari, ko akwai hanyar da zan wanke Malam Hudu kafin Juma'a ba tare da na tura wani cikin ramin da na fito da shi ba?