Ɗaɗɗoyar Idin Gicciye

Oakleigh, 2 ga Satumba

Zuwa ga Kakata Kiriyakula,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa. Yaya ƙugun naki? Ina fata ƙashin yana haɗewa, kuma kin daina yi wa ma'aikatan jinya faɗa a kan miyarsu. Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ki kwantar da hankalinki game da ɗaɗɗoyarki. Na fahimci girman amanar: a duk cocinmu ke kaɗai kike iya raya ta har ta tsallake hunturu, kuma da ita Fada Serafim zai yayyafa wa jama'a ruwan albarka ranar Idin Gicciye. Tana nan cikin gwangwanayen man zaitun, jikin bango, ƙarƙashin bishiyar lemun tsami.

Sai dai tsirarrun nan, dodon-koɗi marasa ƙoƙo, sun kawo mamaya tun da ruwa ya tsananta. Giyar da kike zuba musu a faranti don su faɗa ciki su mutu, Kaka, walima ce kawai. A matsayina na injiniya mai sabon digiri, na ɗauki ƙwaƙƙwaran mataki: na naɗe kowane gwangwani da zoben jan ƙarfe. Bisa ƙa'idar kimiyya, da zarar yauƙin jikinsu ya taɓa ƙarfen, sai wani abu ya tsarga musu kamar lantarki. Na shaida da idona: wani ƙato ya miƙa ƙahonsa, ya taɓa, ya janye tamkar ya taka garwashi.

Goggo Froso ta leƙo ta ce, "Sannu, Janar! Saura ka haƙa musu ganuwa." Hassada ce, na yafe mata.

Jikanki mai biyayya,
Stamatis

*

Oakleigh, 14 ga Satumba

Kaka abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina miki barka da idi. An ce kin fara takawa da sanda; godiya ta tabbata ga Allah.

Ban san yadda zan tsara wannan bayani ba. Duk da zobban, ganyen ya ci gaba da hujewa. Na gudanar da cikakken bincike, na tone ƙasa, na duba kowane zobe, ban sami kafa ba.

Shekaranjiya da safe, yayyafi ya ɗauke, rana ta fara leƙowa, na fito da kofina a hannu. Sai na ga wani zare siriri yana ƙyalli daga reshen lemun, kamar an narka azurfa an ja. A ƙarshensa ɗaya daga cikin tsirarrun ne a rataye, kai ƙasa, yana juyawa a hankali. Daga jikinsa yake saƙa igiyar, yana saukowa a kanta. Halittar da ba ta da ƙashi, ba hannu, ba fiffike, ta tarar an toshe ƙasa, ta biyo ta sama! Kaka, kofin ya huce a hannuna ban kurɓa ba. Sai da ya kusa taɓa ganye na tara masa tafina, ya sauka da sanyinsa. Na kasa kashe shi. Na kai shi bayan shinge, na dawo na janye gwangwanayen zuwa tsakar gida, inda babu komai a samansu sai gajimare.

Amma 'yan'uwansa sun riga sun yi ɓarna. Yau na shiga coci da ɗaɗɗoya mai huji kamar rariya, kaina a sunkuye. Goggo ta raɗa mini, "Janar, wannan ganye ne ko gidan sauro?"

Fada Serafim ya karɓa, ya juya ta. Ya tsoma ta cikin ruwa ya kaɗa. Ashe ganyen da aka raunata ya fi ƙamshi. Ya cika cocin har ya danne turare. Tsofaffin matan layin gaba, ƙawayenki, suka lumshe ido suna shaƙa, ɗaya tana share hawaye da gefen ɗankwalinta, tana kiran sunan ƙauyensu. Babu wanda ya fita ba a yayyafa masa ba.

Ga reshe guda na saka miki a ambulan. Kada ki tsaya duba ganyen. Ki murza shi tukuna.

Jikanki,
Stamatis