Amsar da Auta Ta Nema a Ƙarƙashin Kofi

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina a cike, bayan likita ya tabbatar mini da abin da jikina ya daɗe yana faɗa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba muku ku uku, Injiniya da Malama da Auta, yadda shari'a ta tsara. Littattafaina na Malama ne, ita kaɗai ke mayar da su inda ta ɗauko.

Na biyu. Injiniya, kai ne babba, kuma a hannunka zan bar Auta. Wata takwas ke nan da ka tarar da ita da ƙawayenta biyu a ɗakin karatuna, sun kifa kofin gilashi kan takarda mai haruffa, kowace ta ɗora yatsa, suna kiran marigayiya mahaifiyarku. Ka fasa kofin, ka kira ta mushrika, ka daina cin abin da ta dafa. Ta yi kuskure, na gaya mata, ta tuba. Matattu ba sa tura kofi, yatsun masu kewa ne ke tura shi.

Sai dai ni na tsinci takardar. A bayanta ta rubuta tambaya ɗaya: "Mama, kin neme ni?"

Ni na hana a kai Auta asibiti ta ga mahaifiyarta, wai kada a ɓata mata jarrabawa. Ni na kulle ɗakin marigayiya, na daina ambatonta, ina zaton juriya ke nan. Yarinya mai shekara goma sha shida ta rasa wanda za ta tambaya a gida cike da masu digiri, sai ta tambayi kofi.

Na uku. Auta, ga amsarki. Ta neme ki har sau biyu. Da na ce kina jarrabawa, sai ta ce a ƙyale ki ki rubuta, a dai tuna miki da tabaraunki, don kin cika mantuwa. Shekara guda bakina ya kasa faɗin wannan. Ki yafe mini.

Na huɗu. Makullin ɗakin marigayiya yana aljihun teburina na hagu, na Auta ne. Ranar da aka karanta muku wannan takarda, ita za ta yi girki. Injiniya, ka zauna ka ci.

Duk abin da ta tambaye ku game da ni, ku amsa mata, ko sau ɗari ne. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ɗayanku ya sake rasa wanda zai tambaya.