Akwatin da Ɗayyabu Ya Bari Ba Kwaɗo

Yaya Magdalena,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da yara? Ni lafiya lau nake a Dutse.

An mayar da ni ma'ajiyar makamai. Jiya muna loda akwatuna zuwa Miga, na tarar da ɗaya ba kwaɗo. Ina buɗewa wari ya doke ni. Abokin aikina Ɗayyabu ne ya ajiye ruɓaɓɓiyar alala da safarsa a kan bindiga, ga ta cike da harsashi. Na ce, "Da ta tashi a mota fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai ba ta tashi ba."

Na kai ƙararsa. Yanzu ba mai zama cin abinci da ni, amma ba komai, da ma abincin ba ya shiga. Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Seth