Katangar da Ke Bayan Ɗakin Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Zainabu da yara? Da fatan kowa lafiya.

Hankalina ba a kwance yake ba. Tun farkon damina nake ɗaukar hoton katangar kamfanin da ke bayan ɗakin Inna kullum da safe. Da na haɗa hotunan suka zama bidiyo, sai rawa yake saboda motsin hannuna. Jiya na daidaita hotunan duka da falwayar wutar lantarki ta ƙofar gida. Komai ya tsaya cak, ban da katangar. Yaya, sunkuyowa take.

Na nuna wa Inna, ta ce ba inda za ta. Maganarka kaɗai take ji, ka kira ta yau. A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ga hadari nan ya haɗo.

Ƙaninka,
Habu