Geron Mungadi

Jega, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Hajiya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida na Aliero. Yaya ciwon ƙafar? Yaya surukarmu Sakina da zaman takaba? Kin kyauta da kika tare wurinta.

Masu binciken hatsarin jirgin saman sun zo ranar Talata. Sun tabbatar cewa wutar jirgin ce ta ɗauke bayan ɗanmu Ubaidullah ya gama feshin tsuntsaye. Injin bai tsaya ba, amma rediyo da fitilu da agogunan da ke gabansa duk sun mutu, ga magariba ta rufa. Ya nemi filin sauka bai gani ba, har fiffike ya bugi bishiyar kuka gabas da Liba. Sun ce tun safe ya san da matsalar, kuma ya tashi. Abin da za su rubuta shi ne gangancin matuƙi.

Na yi musu godiya, na raka su har mota.

Ina cin abinci, kada ki damu.

Mijinki,
Attahiru

Jega, 11 ga Oktoba

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki gaida Sakina.

Jiya mutanen Mungadi suka kawo dammunan gero, wai na godiya da ta'aziyya, domin feshin ya ceci gonakinsu. Suna nan jingine a zaure. Tun jiya ta ƙofar baya nake fita masallaci.

Wasiƙata ta farko ba ƙarya a cikinta, amma ba ta cika ba. Ga ragowar.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, dattawan Mungadi suka same ni a zaure. Tsuntsun jan-baki ya sauka a gonakinsu, suka ce in aka ƙara kwana biyu sai dai su girbe kara. Sun san matuƙin jirgin feshin ɗana ne. Ban tambayi kowa ba na ce musu yau za a yi.

Ƙanena Gambo ya kira shi a waya a gabansu, kamar yadda muka saba, tunda ke shaida ce ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba, don kunyar ɗan fari. Ya gaya wa Gambo cewa jar fitilar caji tana kamawa tana ɗaukewa, kuma kayan gyara sai Alhamis za su iso. Ya roƙi a tambaye ni ko na yarda a jira. Gambo ya miƙo mini wayar.

Hajiya, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin lantarki. Na san abin da wannan fitila take nufi: batir ne kaɗai ke riƙe da jirgin, kuma zai ƙare. Tambaya uku ta isa in hana shi tashi. Amma dattawa tara suna kallona, sai na ji nauyin a ga na karɓi waya ina rawar jiki a kan ɗan fari, bayan na riga na ba da magana. Ban miƙa hannu ba. Na ce Gambo ya gaya masa mutane na jira.

Kin san shi. Bai taɓa mayar mini da magana ba, ko ta bakin wani.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ba ganganci ya yi ba, biyayya ya yi. Gambo ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Na ce ya warware, ya yi kaffara. Yau da safe na rubuta wa masu binciken duk abin da na rubuta miki, na sa hannu.

Saura Sakina. An ce tana tambayar me ya sa bai tuna da ita da cikin da ke jikinta ba. Ina roƙon ki karanta mata wannan wasiƙa, kada ki tsallake layi ko ɗaya. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo in tsaya a ƙofar gida. In ta ce ba ta son ganina, kada ki lallashe ta, kada ki tuna mata girmana. Ki aiko a faɗa mini, in juya.

Ke kuma ban san da bakin da zan roƙe ki gafara ba.

Wassalam.

Mijinki,
Attahiru