Hukuncin Ƙwayoyin Inna

Assalamu alaikum. Daga Babban Alƙali mai zama a Gwarzo, zuwa ga Malam Habu a Legas. Ina gajiya, ina aiki, yaya Ramatu da yara? Da fatan tarin ƙaramin ya sauka. Mutanen gida a Dugabau lafiya lau.

Kotu ta zauna kan maganin ciwon da ka saya a tasha ka aiko wa Inna saboda karayarta. Mun san komai ya yi tsada, amma da ta sha biyu, azahar da la'asar suka wuce tana barci, numfashinta sama-sama, da ƙyar aka tashe ta. Alƙali ya jiƙa yatsa ya goga rubutun jikin kwalin, sai ya wanke kamar tawadar allo. Ƙwayoyin ma wata fara, wata ruwan ƙasa, suna marmashewa a hannu. Likitan Kabo ya ce jabu ne. Na gaskiyar ma ɗaya ya yarda ta sha, sai da takardarsa, ba ƙari, babu ba wa maƙwabta.

Don haka an zuba su duka a masai, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ka sake aikowa, can za su bi.

Ka sa Inna a addu'a, ka gaida Kawu Sani.

Yaya, alƙalin nan ƙaninka Sabi'u ne, kuma ba zan ba ka haƙuri ba. In ka zo da sallah ka dake ni. Inna tana nan da ranta, za ta raba mu.