Taswirar da Aka Rataya a Bayan Ƙofa

Zuwa ga Jami'i mai kula da taswirar ambaliya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Kafin komai, ina gargaɗin duk mai karanta wannan: kada ka kwaɓa ƙasar gini sai ka san inda ruwa zai bi. Ni ban sani ba.

Ranka ya daɗe, ni uwa ce a Birnin Tudu. Da rani muka sake gina rumbunmu a kusurwar gida ta wajen fadama, inda na mahaifin maigidana yake tun da can. Ni da 'ya'yana mata muka ɗauko ruwan kwaɓi a ka. Muka zuba geron da zai kai mu kaka. A watan Agusta ruwa ya shigo, rumbun ya zauna a ƙasa. Geron ya tsiro, sannan ya ruɓe.

Na ɗaya. Ranar da na zo ofishinku a Talata Mafara kai rahoton asara, aka turo ƙofa saboda cunkoso, sai ga taswira a bayanta. Na yi sakandare, na san taswira. Na bi kogi da yatsa har na sami unguwarmu, an shafe ta da ja, alamar inda ruwa zai ci. Ma'aikacinku ya ce tun kafin damina aka kawo ta. Ban yi kuka ba. Na dai tsaya ina kallon jan.

Na biyu. Taswirar ba ta yi ƙarya ba. Zanen da ke gefenta ma ya nuna ruwan yanzu ba irin na da ba ne, a lokaci guda yake zubowa. Kun sani, mu ba mu sani ba. Sanin da aka ajiye a bayan ƙofa amana ce aka ci.

Na uku. Ban zo roƙon buhun shinkafa ba. A mayar da bayanin taswirar Hausa, a kai wa mai unguwa, a liƙa ta a ƙofar masallaci, da wurin awon ciki, da Islamiyyar matan aure. Mu mata mu ne muke auna hatsi, mu muka san ranar da zai ƙare.

Allah Ya ba ku ikon sauke amana, Ya tsare muku rumbunku.

A gidana kuwa na kafa doka, maigida ma ya ji: ba mai sake aza tubali ko ɗaya sai ya je ya tura ƙofar nan taku, ya duba bayanta.

Wassalam.

Wata uwa daga Birnin Tudu, Bakura